Ƙanina Ya Mai da Ɗorawar Gadona Gawayi

Hajiya Siddiƙa, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma sakaya sunana. Abin da ke cin raina ya fi ƙarfin in riƙe ni kaɗai, ga shi duk wanda na tara da maganar a dangi, kafin in rufe baki ya ce in yi haƙuri.

Ni 'yar wani ƙauye ce a wajen Zoza, aure ya kawo ni Karaye. Sana'ata daddawa, a hannun mahaifiyata na koya. Tun da maigidana ya rasu da ita nake riƙe da marayu, ci da sutura da makaranta. Ba yabon kai ba, ranar kasuwa la'asar ba ta riskata da kaya a faifai.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da ƙanina Shitu, sai gona guda. Hajiya, ni na goyi Shitu, ni na koya masa tafiya. Ranar rabon gado malam ya fitar mini da kasona, na ce ni da nake gidan wani me zan yi da fartanya? Na bar masa gonar duka ya noma, itatuwan ciki kuma su zama nawa, kamar yadda aka saba a wajenmu: ƙasa ta mai noma, ɗorawa da kaɗanya na mata. Malam ya ce a kira shaidu, na yi dariya na ce tsakanina da Shitu har sai an kira wani? Kara ce ta hana ni, don kada a ce ban yarda da ɗan'uwana ba.

Haka muka zauna shekara da shekaru. Duk bazara in ɗorawa ta nuna sai in tafi da buhunana in yi kwanaki a gida. Yaransa su sha gari har bakinsu ya yi rawaya, matarsa Sabuwa ta kwashi makuba ta gyara daɓenta, ni in dawo da kalwar da za ta kai ni wata shekara. A ƙarƙashin itatuwan nan innarmu take shimfiɗa mana tabarma muna yara. In na zauna a wurin har yau ji nake kamar ta zaga ne za ta dawo.

Bana da na je, tun daga nesa na ga gonar ta yi wani irin haske, har na ce wa mai babur ya ɓata hanya. Bai ɓata ba. Kututture ne jere, ga tulin itace an rufe da ƙasa yana hayaƙi. Na zauna a kan kututture ɗaya na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar innarmu. Ɗorawa ɗaya ce ta tsira, babbar da ke bakin iyaka, ita ma ƙudan zuman da ke kogonta ne suka kori masu injin yankan itacen. An ce dillalin gawayin da Shitu ya sayar wa itatuwan ya riga ya yi ciniki har da ita, bayan Babbar Salla zai dawo da yaransa.

Shitu ɓuya ya yi, ya kasa haɗa ido da ni. Sabuwa ce ta zayyana mini. Bara ruwa ya ɗauke bayan shuka, Shitu ya sake shuka, daga baya kuma ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya ya wanke masarar. Takin da 'yan siyasa suka yi ta shela, a hannun 'yan gaban goshinsu ya ƙare. Rumbu ya zama wayam tun kafin azumi, ga ta da tsohon ciki. Na sani ba ƙarya ta yi ba, na ga yaran da idona, duk sun zube. To amma me ya hana shi zuwa ya gaya mini? Ko ɗankunnena da na sayar. Ni ce fa Yayarsa!

Abin da ya ƙarasa ni, bayan na dawo sai ga buhun gawayi ya aiko mini, wai in rage zafi. Gawayin ɗorawata, Hajiya. Yana nan a zaure, na kasa hura shi, na kasa kyautar da shi. Da Sabuwa ta haihu ya sa wa yarinyar sunana, ban je sunan ba. In ya kira waya sai in zuba mata ido har ta katse, in kuma ta katse in hau kuka.

Ba mu kaɗai ba ne. Masu gawayi sun gama da kirya da marke a daji, yanzu sun shigo gonaki. Kullum manyan motoci na wucewa da buhuna zuwa birni, an ce dillalin yana da ɗaurin gindi, ba mai iya tanka masa. Da muna yara a inuwa muke tafiya kasuwar Rogo, yau sai rana da iska mai yaye kwano. Kalwa kuwa ta yi tsadar da in na saya na dafa, wahala ce kawai ribata.

Wata maƙwabciyata ta ce in kai shi gaban alƙali. Kawunmu ya ce zumunci ya fi itace, in bar wa Allah. In na kai shi ƙara na rasa ƙani, in na yi shiru na rasa ɗorawar da ta rage, da ita da sana'ar da nake ci da marayu. Yaya zan yi?

Mai Daddawa, Karaye

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Allah Ya sanyaya miki. Ba zan fara da ce miki ki yi haƙuri ba, kin ji shi har ya ishe ki. An ci haƙƙinki. Sharaɗi kika yi da Shitu, ya ci moriyar gonar, ya sayar da abin da ba nasa ba, kuma bai shawarce ki ba. Kukan da kika yi ba na itace kaɗai ba ne, kada kowa ya raina miki shi.

Amma ki dubi ɗaya gefen. Wanda ya ɓuya don kada ku haɗa ido, ya kuma sa wa 'yarsa sunanki, ba maƙiyinki ba ne. Yunwa ce ta kama shi, kunyar da ta hana ki kiran shaidu ita ta hana shi zuwa ya ce Yaya ba mu da abin ci. Buhun nan wauta ce, ba cin fuska ba, bai san yadda ake ba da haƙuri ba ne. Ki ba wani mabuƙaci, ki yi niyyar ladan ya kai ga innarku, ki huta da ganinsa.

Maganar alƙali ki ajiye ta tukuna. Shari'a na iya jan lokaci, mai inji kuwa wuni guda ya ishe shi. Shirun da kawunku yake so shi ma ba magani ba ne, zumuncin da aka gina a kan cuta ba ya daɗewa. Ki shirya ki tafi ƙauye cikin makon nan, kada ki jira Salla. Ki fara da malamin da ya raba gadon in yana raye, ko dattawan da suka san ke kike girbin itatuwan nan duk shekara, ai duk ƙauyen shaida ne. Ku je wurin dagaci tare da Shitu, ba don a tozarta shi ba, don a faɗa a gaban jama'a cewa ɗorawar nan taki ce. Cinikin abin da ba na mutum ba ba ya tabbata, kuma dillali, komai ɗaurin gindinsa, ba ya son kayan da ke da rigima. Abin da Shitu ya karɓa a kanta a yi masa sauƙin mayarwa bayan kaka. In hakan ya gagara, ƙofar alƙali na nan a buɗe.

Sannan kada ki tsare itacen ki bar shi da yunwar, in ba haka ba baɗi wani dillalin zai sake samunsa. Ki yanka masa kaso a cikin kalwar da za a riƙa samu, ki jawo Sabuwa cikin sana'ar. Wanda yake ci daga itace ba ya kiran mai sara. Kututturan ma kada a tone su ko a ƙone, wasu kan yi toho in damina ta sauka. A zaɓi masu ƙarfi a killace daga awaki. Ke ma ki lura, dahuwar kalwa na cin itace ba kaɗan ba. Ki nemi murhu mai rage cin wuta, ki haɗa da kara. Motocin da kike gani ba mu da ikon tare su yau, amma murhunmu da gonarmu suna hannunmu.

Ba zan rufe ki ba, inuwar da kika sani ta tafi, kuma ɗorawa ba ta sauri. Wadda za ta tashi yanzu mai yiwuwa takwararki ce za ta ci kalwarta, ba ke ba. Wannan ma dalili ne na ki je ki ga yarinyar. Ki riƙa mata 'yar riga, ki ɗauke ta, ki yi kukanki a gaban ubanta in kukan ya zo miki, ya ji da kunnensa abin da ya yi. Daga nan ki ce ya tashi ya raka ki gidan dagaci. Ke kika koya masa tafiya, zai bi ki.

Allah Ya tsare miki abin da ya rage, Ya raya marayu, Ya daidaita tsakaninki da ƙaninki.

Hajiya Siddiƙa