Ƙaiƙayi a Matacciyar Ƙafa

Litinin, 4 ga Yuni, 1956

Yau aka sallamo ni daga asibiti. A kwance aka shigo da ni gida, mutanen Abakpa sun yi cirko-cirko a ƙofa, sai "sannu, Malam Yusha'u" ake yi. Ni da nake jan sarƙar safiyo ta awon ƙasa a daji daga nan har Rigachikun. Tun ranar da motar ofis ta kife da mu a wajen Katabu, daga ƙugu zuwa ƙasa ban san abin da ake ciki ba. Matata Safara'u ce mai juya ni, ita ce mai wanke ni. Ban iya haɗa ido da ita.

Laraba, 13 ga Yuni

Ƙaiƙayi! A tafin ƙafar hagu, bayan la'asar, kamar kiyashi na yawo. Na ƙwala wa Inna kira har ta zubar da gero. Da ta ji, sai ta zauna a bakin gado tana share hawaye. "Ai shi ke nan, ɗan nan. Ciwo in zai warke ƙaiƙayi yake yi." Ta sa an soya waina an yi sadaka. Rabona da cin tuwo in ƙoshi tun kafin haɗarin, sai yau.

Asabar, 16 ga Yuni

Ina kallon Safara'u tana sosa mini, amma ban jin hannunta. Kamar ƙafar wani take sosawa. Ƙaiƙayin kuwa yana nan daram.

Juma'a, 29 ga Yuni

Ya hau har ƙwauri. Ba ya ɗagawa, ko a salla. Da suka shiga madafa na jawo matajin ƙarfe na yi ta kartar wurin. Ban ji komai ba, sai jini na gani ya jiƙa zanen gado. Safara'u ta fizge matajin. "Haba Malam, kashe kanka za ka yi?" Na daka mata tsawa, na ce ƙafarta ce? Ta fita da kuka. Ta dawo da ruwan zafi da gishiri.

Talata, 10 ga Yuli

Gyambon ya yi ruwa, dole aka mayar da ni asibiti. Husaini abokin aikina ya samo mota. Na gaya wa likita, Baturen nan mai sanƙo, maganar ƙaiƙayin da murnata. Ya tsira mini allura a tafin ƙafa, ya ce na ji? Ban ji ba.

Ya jawo kujera. Ya ce ba fata ce take sanin ƙaiƙayi ba. Ita dai aike take yi ta jijiyoyi zuwa lakar da ke cikin ƙashin baya, laka ta miƙa wa ƙwaƙwalwa. Susa kuma ɗan zafi ne, in ya isa laka sai ya danne ƙaiƙayin. Tawa lakar ta tsinke. Jijiyoyin da ke bakin raunin su ne suke ta buga saƙon ƙarya, kamar wayar tangaraho da ta katse tana ƙara ita kaɗai. Susa ba ta da hanyar isowa wurin.

Na ce to ƙafar fa, tana dawowa? Ya daɗe yana goge tabarau. Ya ce kada in sa rai.

Husaini na tsaye, ya ji komai. Muka dawo a mota cikin ruwan sama.

Laraba, 11 ga Yuli

Inna ta tambaya me likita ya ce. Na ce ya ce a ci gaba da addu'a.

Alhamis, 19 ga Yuli

Babbar Salla. Daga ɗaki nake jin kabbarar masu tafiya idi. Maƙwabci ya yanka mini ragona. Inna tana gaya wa 'yan barka da salla cewa baɗi da ƙafata zan je. Kowa "in sha Allahu". Ni ma na ce in sha Allahu, ƙafar tana ci kamar an zuba barkono. Wato jikina da kansa yake mini ƙarya. Allah Ya yafe mini, yau na yi fatan da ban fito daga ƙarƙashin motar nan ba.

Lahadi, 5 ga Agusta

Na gaya wa Safara'u abin da likita ya ce. Tana yanke mini farce ne, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni nake wanke ƙafar nan kullum, Malam. Na sani." Na ce in tana son komawa gidansu ba zan riƙe ta ba. Sai ta kama ɗaya hannun ta ci gaba da yanka. Can ta ce, "Kada dai Inna ta ji."

Asabar, 18 ga Agusta

Ruwa tun safe. Ƙaiƙayi. Babu abin rubutawa.

Litinin, 3 ga Satumba

Gyambon ya kame. Ƙaiƙayin bai ragu ba, amma yanzu in ya taso ban kai hannu. Ina barinsa ya yi surutunsa.

Inna ta leƙo da safe. "Yana yi?" Na ce yana yi. Ta ce alhamdu lillahi, ta tafi da fara'arta.

Da hantsi na aika aka kira Shehu kafinta. Ya auna faɗin ƙofa, ya auna ni. Ya ce kujerar da za a riƙa tura ni a kai ba wuya, ƙafafun ne zai nema a kasuwa. Na ce ga kekena can a zaure yana tsatsa, ya kwance nasa. Ya dube ni, ya ce, "Duka biyun, Malam?" Na ce duka.

Ba wai na haƙura ba ne. Ɗakin ne ya cika zafi.