Majanyin Ƙasan Akwati

Small Heath, Birmingham.

Zuwa ga Yayata Ramatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa nake miƙo miki daga nan inda sanyi ya fara shigo mana, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Sanda da yara. Allah Ya ƙara wa Umma lafiya, Ya sassauta mata ciwon gwiwar nan, Ya bar mana ita. Mu ma nan alhamdulillahi. Ƙanin naki, maigidana Ja'afar, yana nan yana fama da binciken nan nasa na jami'a da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya kuma ce in gaishe ki da kyau. Na san za ki yi dariya ki ce me ya sami Firdausi da rubuta wasiƙa alhali kusan kullum muna waya. To, akwai maganar da duk lokacin da na ɗauki waya don in faɗa miki sai bakina ya yi nauyi, in ɓige da tambayarki ko an yi ruwa a Kano. Da na ji maƙwabcinmu Malam Bara'u zai taho gida, sai na ce bari in zauna in rubuta, tunda takarda ba ta kallon idon mutum.

Yaya, juna biyu gare ni, har ya shiga wata na shida. Na rubuta, na kuma zauna ina kallon rubutun. Kin fi kowa sanin abin da ya faru da na farko da na biyu. Kina nan lokacin na farkon, da Umma ta je kasuwar Kurmi da kanta ta sayo majanyin saƙi mai ratsin baƙi tun cikin bai kai ko'ina ba. Abin da ba ki sani ba shi ne, ranar da aka dawo da ni daga asibiti, ina kwance a ɗakinta ta ɗauka barci nake, na ga ta ninke shi ta ɗaga kayan akwatinta duka ta sa shi can ƙasa, ta mayar da kayan a kai. Shi ya sa da wannan ya samu na ƙudura a raina ba wanda zai ji sai ya fito da kansa ya nuna kansa. A lokacin Ja'afar kaɗai ya sani, shi ma sai da na sa ya yi mini alkawari.

Kin sha tambayata wai aikin me nake yi takamaimai, kina tsokanata da cewa na zama dillaliyar gidaje a Turai. Ba dillanci ba ne. Ƙungiya ce mai gidajen haya masu sauƙi, na tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi da waɗanda ƙaramar hukuma ta turo mana, tana da gidaje a nan Birmingham da kuma Manchester. Ni aikina zagaye ne. In mai haya ya yi ƙorafi, ni zan je in gani da idona. Mafi yawan ƙorafin kuwa danshi ne da fumfuna, irin baƙar nan da ke cin bango ta shiga ƙirjin yara. Wasu benayen lif ɗinsu ya fi lalacewa a kan aiki, sai ki hau da ƙafa har sama, ki durƙusa bayan kabad kina shaƙar warin nan. Ina son aikin, wallahi, domin ranar da aka gyara wa wata tsohuwa ɗakinta a Perry Barr kama hannuna ta yi ta ƙi saki.

Su kuma mutanen ofis ɗinmu, sai a hankali. Ba su da mugunta, amma ba su san ɓoye abu ba ko kaɗan. In mutum zai haɗa shayi sai ya zagaye kowa ya tambaya, kuma a nan wanda aka haifa a ranar shi ke kawo kek, ba shi ake kawo wa ba. Sun ware mana ɗan ɗaki na salla, da azumi suna bari in shigo da wuri in tashi da wuri, nakan kuma riƙe musu ofis lokacin Kirsimeti su riƙe mini da Salla. Har keke suka ce za su taimaka mini in saya don zuwa aiki, ki yi tunanina da abaya a kan keke a titin Small Heath. Sannan duk wata manajarmu, wata dattijuwa mai suna Clara, takan zauna da kowannenmu shi kaɗai. Kafin ta taɓa maganar aiki sai ta tambaye ki ya kike, ta sake tambaya, wai ya kike da gaske. Ni kuwa me zan ce? Lafiya lau. Mu da ko a gadon asibiti aka same mu da ƙarin ruwa a hannu, da sauƙi za mu ce. Matsalar ita ce su nan in kin ce lafiya lau, sun yarda, sai a wuce zuwa magana ta gaba.

Akwai wata abokiyar aikina Widad, 'yar asalin Sudan amma a nan ta girma. Bara da ta samu ciki, hoton sikanin ta kawo ta manna a jikin firjin ofis, cikin ko wata huɗu bai yi ba. Maza da mata suna ta taya ta murna suna leƙen hoton. Yaya, ni ce na ji kamar in nutse don kunya, har na daina zuwa ɗaukar madara a firjin. A zuciyata na ce wannan ba ta tsoron baki. Ban lura ba a lokacin cewa tun daga makon aka daina tura ta gidajen danshi, aka canja mata kujera, take tafiya awo ba tare da an taɓa mata hutunta ba. Ni da nawa ya zo, manyan riguna na ƙara saya. Ranar awo sai in ɗauka daga hutuna na shekara in ce ina da uzuri. Laulayi na yi shi a banɗakin bene na ƙasa inda ba kowa ke zuwa ba, in wanke fuska in fito in ci gaba da hawa benayen mutane. Ja'afar ya yi magana har ya gaji, ni kuma kin san taurin kaina, na Baba ne na ɗauko.

Asirina a Manchester ya tonu. Ƙungiyarmu tana da wata al'ada, rana guda a shekara ba a zama a ofis, a fita aikin gayya kuma albashinki na tafiya. Bana sai aka haɗa mu da ma'aikatan can, aka ce za a yi wa zauren wani gidan tsofaffi fenti a Cheetham Hill. Na yi murna ma, don na ce in an tashi zan biya wajen Gwaggo Kubura, tunda unguwarsu ce. Aka ba ni buroshi, aka nuna mini tsani, na hau ba musu, don in na ƙi sai an tambaye ni dalili. Ban jima ba warin fentin ya fara juya mini kai, marata ta ɗaure tamau, irin ɗaurewar da na sani, wadda ba na fatan ko maƙiyina ya sani. Da ƙyar na sauko na zauna a ƙasa. Clara ta zo ta durƙusa a gabana, ta yi tambayar nan tata. Bakina har ya buɗe zai ce lafiya lau, don ya saba. Sai na ji kaina na ce mata, "Ciki gare ni, kuma na yi ɓari sau biyu, ina tsoro." Ita ce mutum ta farko bayan Ja'afar da ta ji wannan magana daga bakina, Baturiya, a zauren da ke warin fenti.

Ba ta yi ihu ba, ba ta tara mini jama'a ba. Mayafina ta gyara mini, ta ɗauko motarta ta kai ni asibiti da kanta, ta zauna a bakin ƙofa har Gwaggo ta iso. Lokacin da ungozomar ta ɗora na'urar a cikina aka ɗan yi shiru, ni dai ina ta karanta duk abin da ya zo bakina. Can sai ga bugun zuciyar ya cika ɗakin, da sauri da sauri kamar ana sakwara a maƙwabta. Na yi kuka, Yaya, kukan da ban yi ba tun na biyun. Suka ce ɗan yana nan lafiya, amma jinina ya yi ƙasa kuma na gajiyar da jikina, dole in huta, in bar hawan bene da shaƙar danshi.

Kwanan da na yi a gidan Gwaggo kuwa na sha faɗa. Ta bari sai da na ci tuwo na ƙoshi tukuna ta fara. Ta ce kunyar da aka koya mana gaskiya ce, amma a gida aka gina ta, inda ko ba ki faɗa ba akwai idanu goma a kanki. Ta ce a Kano da Umma ta ga yadda kike tauna abinci ta gane, ta karɓe miki tsintsiya ba tare da ta ce uffan ba, maƙwabciya ta aiko da kunun tsamiya, kowa ya sani kuma kowa ya yi kamar bai sani ba. Ta ce nan wa zai karanta fuskata? Ta ce na ɗauko shirun na taho da shi, na baro masu gane shirun a gida.

Da na koma aiki Clara ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Ta ce ba za a manna komai a firji ba, ba kuma wanda zai ji sai wanda na yarda ya ji. Ta bi aikina ɗaya bayan ɗaya tana cire abin da zai cutar da ni. Yanzu zagayen gidajen danshi wani dattijo mai kula da gyare-gyare, Jabez, shi ya karɓa, ni kuma ina amsa ƙorafi ta waya, wasu ranakun ma daga gida. Jabez bai taɓa tambayata komai ba, sai dai kullum in tarar da biskit mai citta a kan teburina, na ce wannan da a Kano aka haife shi da ya dace. Hutun da na ƙona wajen awo ta mayar mini da shi, ta kuma zayyana mini hutun haihuwa mai tsawo da zan samu, ta ce aikina zai jira ni. Sai ta tambaye ni ɓarin na biyun yaushe ne. Na ce ina nan wurin, lokacin da na ce mura ce ta kwantar da ni na dawo bayan kwana biyu. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce suna da hutu na musamman ga wadda ta rasa ciki, har da mijinta in a nan yake aiki, da kuma wadda za ki zauna ki yi magana da ita. Ta ce ta tuna makon, ta tambaye ni, na ce mata lafiya lau. Wannan ya tsaya mini a rai, don na tuna yadda na zauna a kujerar nan ina amsa wayar masu haya, alhali da kalma ɗaya da ina gida a kwance.

Yanzu dai alhamdulillahi, ina cin abinci, ina shan maganin ƙarin jini, kuma mutumin naki ya fara motsi, musamman in na zauna a bas. Tsoron bai tafi duka ba, ba zan yi miki ƙarya ba, amma ya ragu tunda na daina ɗaukarsa ni kaɗai. Gwaggo ta ce in lokaci ya yi za ta tattaro ta dawo Birmingham ta yi mini wankan jego, ta ce ofis ɗinmu duk kirkinsu ba su san dama kunun kanwa ba. Har ta fara cigiyar wanda zai taho mata da ganyen darbejiya busasshe. Widad ma na gaya mata da bakina, ta rungume ni, ta ce ai ta daɗe da zargi tun da na daina shan shayin ofis.

Ki gaishe mini da Yaya Sanda, ki ce ina godiya da kilishin. Ki gaishe da A'isha Humaira da Muhammad Awwal, ki ce su dage da karatu, da Inna Batulu da mutanen gidanta, da Ramlat in ta zo hutu. Ki sa ni a addu'a, ke da duk wanda kika yarda da shi.

Saura Umma. Abin da ke damuna shi ne Clara ta sani, Jabez ya gane, ita da ta haife ni ba ta ji ba. Na gwada a waya, na kasa, kuma na san ita ma ba za ta so in faɗa mata baki da baki ba. Don Allah in kin je gida ki bari sai ta idar da salla tana zaune ita kaɗai. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki ce Firdausi ta ce Malam Bara'u zai dawo bayan Salla, a ba shi majanyin nan na ƙasan akwati.

Taki har kullum,
ƙanwarki Firdausi.