Kukan Kunnen Auta

Haɗejiya,
9 ga Agusta, 1953

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa mai tarin yawa, da so da bege. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na badujalar soja a Kaduna. Yaya aiki, yaya zaman bariki? Mu nan ƙalau muke, sai fama da ruwa. Kogi ya cika ya tumbatsa, gonar shinkafarmu ma sai da kwalekwale ake leƙa ta. Inna tana gaishe ka, haka matata Ma'u da 'yata Yagana, wadda ka bari a goye, yanzu ita ke kai wa Inna ruwan alwala. Kada ka yi wa rubutuna dariya, a ajin yaƙi da jahilci na koya, kuma hannun da ya saba da gula bai iya lallashin alƙalami ba.

Bayan haka, takardarka ta iso. Ka ce tun da aka ba ka babbar ganga, masu busa suna bayanka, kunnenka ya fara kuka, kana so in yanka maka zakara. To na yanka, ja, na raba goro kamar yadda Baba ya yi mini. Maganar gidanmu ce tun kakanni, ranar da kunnen makaɗi ya fara kuka, ranar ganga ta karɓe shi. Zarami mai algaita ya ci cinya biyu, ya ce a faɗa maka yanzu ka zama mutum. Inna kuwa ko romo ba ta taɓa ba, na rasa dalili.

Amma akwai layi ɗaya a takardarka da ya hana ni sukuni. Ka ce tun da Baba bai karɓe ka ba, ai ga ganga ta karɓe ka. Haba Auta. Shekara shida ke nan kana riƙe da maganar nan. Na sani, ranar da za ka tafi ka same shi a zaure yana ɗaure fata, ka durƙusa har sau uku kana neman gafara da albarka, ko kai bai ɗago ba. Ni ina wajen kamun kifi a Baturiya, ban gani ba, amma na yarda da kai. Ka san Baba da miskilanci. Yau shekara biyu da rasuwarsa, ko kabarinsa ba ka zo ka gani ba. Inna ta tsufa. Ka nemi hutu ka zo, ko na kwana bakwai ne.

Ni kaina kwanan nan ban san abin da ke damuna ba. Na kasa zama wuri ɗaya, ga saurin fushi. Mutanen garin nan duk sun koma magana ciki-ciki kamar masu tauna ƙanzo. Ma'u ce gaba-gaba, sai ta yi ƙus-ƙus daga madafa, in na ce me ta ce, ta ce ai sau uku ta faɗa. Hatta ladanin unguwarmu muryarsa ta mutu. Na ce a nemi wani, aka bi ni da kallo.

Ka gaishe da abokanka. Allah ya tsare mana kai. Wassalam.

Yayanka,
Kolo

Haɗejiya,
22 ga Nuwamba, 1953

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya kamar yadda muke, in an cire abin da zan faɗa maka. Ruwa ya janye, an shiga yankan shinkafa. Inna da Ma'u suna gaisuwa.

Sau uku ina fara takardar nan ina yagewa. Auta, ladani lafiyarsa ƙalau. Ma'u ma ba ta da laifi. Ni ne.

Makon jiya mun yi kiɗan gayya a fadamar Gwadabe. Ka san tsayuwarmu, ganga a kafaɗar hagu dab da kunne, Zarami a dama, bakin algaitarsa yana kallon ɗaya kunnen don in bi shi. Haka Baba ya tsaya shekara arba'in, haka na gada. To da rana ta take, ashe Zarami ya daina busa, an sauke abinci, masu yanka duk sun ajiye lauje sun zauna. Ni kuwa idona yana kan fata, ina ta dukan ganga ni kaɗai. Sai da Gwadabe ya taso ya dafa ni. Aka yi ta dariya, ana cewa Kolo ya sha zumar kiɗa. Na taya su dariyar, amma na san ba zumar kiɗa ba ce.

Wannan duk mai sauƙi ne. Da na dawo gida na zauna a zaure ina gyaran tsirkiyar ganga, sai Ma'u ta fito a fusace tana tambaya me Yagana ta yi mini. Wai yarinyar ta zo ta durƙusa a gefena, kanta a sunkuye kamar yadda muka koya mata, tana ba ni haƙuri don ta fasa mini butar alwala. Sau uku ta faɗa, ban ko kalle ta ba. Tana can ƙuryar ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura, tana cewa babanta ya daina sonta. Wallahi Auta, ko motsinta ban ji ba. A ranar na gane na daɗe ina jin mutane da ido. Wanda ya ɓoye mini bakinsa, to bai yi magana ba. Wani tunani ya zo mini a zauren nan, amma ba zan rubuta shi ba sai na tambayi Inna, kuma har yau na kasa.

Na toshe kunnen dama da yatsa don in gwada na hagu. Babu komai a ciki sai kukan nan kamar na gyare, wanda aka yanka mini zakara dominsa. Na daman ma rabi ya rage.

Shu'ibu masunci na faɗa wa, don shi ba ya yawo da magana. Ya nuna mini abin da suke yi in za su nutsa ciro komarsu ta kamun kifi, auduga ce ake murzawa da kakin zuma a liƙe kunne. Na gwada a bikin da muka yi shekaranjiya, na jawo hula na rufe. Ka san abin mamaki? Ban rasa kiɗa ba. Gangar tana zuwa mini ta ƙirji da kafaɗa, algaitar kuma ina jin ta can nesa, daidai yadda zan bi. Da muka tashi na cire, kaina bai yi nauyin da ya saba ba. Zarami dai ya gano, ya ce jikan makaɗa ya zama masunci, wai na raina gangar ubana. Ya yi ta faɗa, ni dai ban cire ba.

Ga ƙullin kaki da auduga nan na ba wani ɗan kasuwa da zai hau jirgi a Malam Madori. Ka murza kamar girman gyaɗa, kada ka tura can ciki. Ka sa kafin a fara, kullum. Zakaran da na yanka maka, Allah ya yafe mini. Don Allah ka ba ni amsa da wuri, hankalina ba a kwance yake ba.

Wassalam.

Yayanka,
Kolo

Haɗejiya,
17 ga Janairu, 1954

Zuwa ga ƙanena Auta,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta kunnenka. Mu muna nan da rai, alhamdu lillahi.

Ƙullina ya dawo, ko kwance shi ba ka yi ba. Na karanta amsarka a tsaye, na sake karantawa ina zagaya tsakar gida. Ka ce a gidanmu ba a toshe wa ganga kunne. Ka ce na gaji gangar Baba, na gaji albarkarsa, abu ɗaya da ka samu na gidanmu shi ne kukan nan, shi ma ina so in raba ka da shi. Na ji zafi, amma ban yi fushi ba. Amsar taka ce ta sa na yi ƙarfin halin shiga ɗakin Inna.

Na same ta tana kaɗi. Na zauna inda zan ga bakinta, na ce mata kunnena ya tafi, kuma na san na Baba ma ya tafi. Ta ajiye mazari. Ta ce ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa wanda bai sani ba, amma tun da na zo da sanina, rantsuwa ta sauka daga kanta.

Auta, shekara goma kafin ka tafi Baba ba ya jin komai. Miskilancin da muke tsoro, kurumta ce. Inna ce kunnensa. Ka tuna yadda take zama kusa da ƙafarsa in an yi baƙo? Taɓa shi take yi. A fagen kiɗa kuwa kumatun mai algaita yake kallo. Ya ɓoye don kada a karɓe jagorancin ganga daga gidanmu.

Ranar da ka tafi, da azahar ya leƙo cikin gida yana neman ka, wai ka zo ka riƙe masa fata. Inna ta nuna masa da hannu cewa ka tafi soja, kuma ka durƙusa a bayansa ka yi sallama. Ta ce bai ko sa takalmi ba. Ya saɓi ganga ya bi hanyar Malam Madori da ƙafa, tsoho mai shekara sittin da wani abu. Ya tarar jirgi ya daɗe da tashi. Ya tsaya a bakin dogo yana kaɗa takenka, wanda ya yi maka ranar suna, har rana ta faɗi. Mutanen tasha sun ɗauka taɓin hankali ne. Washegari ya dawo ƙafafunsa a fashe. Inna ta roƙe shi ya sa a rubuta maka, ya ce in ya faɗa wa mai rubutu, ya faɗa wa gari. Ya zaɓi ganga, ya mutu da abin a ransa. Ba na kare shi, ni ma na ji haushinsa.

Ga abin da Inna ta ce in rubuta da bakinta: “Ka faɗa wa autana ubansa bai ƙi shi ba. Bai ji shi ba ne.”

Ladabin da aka koya mana shi ya cuce ka. Da ka ɗaga kai ka zagayo gabansa, da ya ga bakinka. Shi ya sa na hana Yagana sunkuyar da kai in za ta yi mini magana. Maƙwabta suna cewa na lalata yarinya, ba ta da kunya. Su yi ta faɗa. Jiya na tara Zarami da sauran 'yan kiɗanmu na gaya musu komai, na ce daga yau ba a ƙara yanka zakaran kunne a gidan nan. Zarami bai yi dariya ba wannan karon. Ya jira kowa ya watse, ya ce in sam masa kakin.

Ga ƙullin nan na sake aiko maka. Ba ka bukatar kukan kunne don ka zama ɗan Baba. Ka sa, Auta, tun kana da abin da za ka tsare. Sannan ka nemi hutu ka zo da wuri, kada ka jira damina, don ban san kwana nawa kunnen daman nan zai ƙara yi mini ba. Na iya takenka, Inna ta rera mini na ɗauka. Zan tarye ka da shi a tasha, a wurin da Baba ya tsaya. Ina so ka ji shi da kunnenka, ni kuma in ji muryarka da nawa.

Inna, Ma'u da Yagana suna gaishe ka. Allah ya kawo mana kai lafiya. Wassalam.

Yayanka mai jiranka,
Kolo