Kamu Huɗu na Kafinta

Daren Laraba, unguwar Gudu

Firem ɗin ya iso yau, kuma ya fi ƙarfin teburina.

Wata biyu ina duba hotuna a waya, ina neman katakon da zai riƙe min bargon da nake ɗinka wa 'yata Ilham a miƙe, yadi sama da ƙasa, auduga a tsakiya, in riƙa zagayawa da keken ɗinki ina fitar da furanni ba tare da ya tattare ba. Abban Ilham ya ce in yi odar na waje in huta. Na ƙi, na ce kafintan bayan kasuwa ya ishe ni.

Daga ofis na ba shi awo ta waya: kamu huɗu. Haka Inna, Allah ya jiƙanta, take auna komai, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Da hannuna na auna teburin. Shi kuma ya auna da nasa, mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa.

Da na fara faɗa, ko a jikinsa, sai ya ce da Hausarsa ta 'yan koyo: "Madam, kai ne ka ce huɗu, ni kuma na yi huɗu."

Abban Ilham kuwa, tef ɗin awo kawai ya ajiye min kusa da farantin tuwo. Gara ma a ce dariya ya yi.

Zannuwan Inna na yanka na harhaɗa, don Ilham ta tafi makarantar kwana da ƙamshin kakarta. Jibi ce tafiyar. Na ninke su na mayar akwati. Da bargon kanti za ta tafi.