Hannun da Ke Wanke Matattun Shamaki

Zuwa ga Baffa Aƙilu, Shamaki, Gombe.

Assalamu alaikum, Baffa. Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Goggo Kadijatu? Yaya jama'ar masallaci?

Ni lafiyata ƙalau a nan Ingila, sai ɗan tari da ke tsayar da ni a matakalar bene. Sanyi ne kawai, kada Goggo ta ji.

Ƙanwata Amatullah ta ce ka ƙi allurar korona ta uku, wai biyu sun isa. Kuma har yanzu kana wankan gawa ba safar hannu, wai sa ta ƙyamar mamaci ce. Na san allura ba ta hana ajali. Amma a gidan tsofaffin da nake aiki, gadajen waɗanda suka tsaya a biyu ne ke fara zama wayam. Abokin aikina Elias, ɗan Kaltungo, shi ma biyu ya ce sun isa. A leda aka binne shi, ko fuskarsa ba mu gani ba.

Ban ce ka bar aikin lada ba. Mamaci ba ya tari, amma 'yan zaman makoki suna yi, kuma kowa hannunka yake kamawa. Ga safa da takunkumi nan na aiko. Don Allah ka je a yi maka allurar.

An ce yanzu ba a kwana biyu ba a buga maka ƙofa ba, ga shi ba wanda ka koya wa wankan. Idan kai ka kwanta dama, Baffa, wa zai wanke ka?

Allah ya ja kwana.

Ɗanka,
Zaharadeen