Abin da Ladi Take Nema

Litinin, 3 ga Afrilu, 1978

Alhamdu lillahi. An aiko daga gidan su Lukuman, surukina, cewa 'yata Hasiya za ta dawo gida goyon ciki. A nan za ta haihu, a nan za ta yi wanka. Jikana na fari! Da mijina Malam yana raye, da yau ya yanka kaza ya ce wai murnar ruwan farko ce, don shi ma kunyar 'yar fari ba ta taɓa barinsa ya nuna komai ba. Allah ya jiƙansa. Damina ta biyu ke nan za ta sauka ba shi.

Ladi na fara gaya wa. Ta ce to kaka, kwanciyar hantsi ta ƙare.

Laraba, 5 ga Afrilu

Ina tsintar wake na tuna yadda na fara hira da Ladi. Ina cikin takaba, 'yan gaisuwa sun watse, gidan ya yi shiru har ina jin tafiyar ƙadangare a kan kwano. Ranar Lahadi ce, su Ana maƙwabciyata sun tafi coci. Sai na ce bari in yi kamar akwai wata zaune a kan turmin nan tana taya ni hira. Na ba ta jiki, na ba ta wushirya, na ba ta koren ɗankwali da har yau ba ta iya ɗaura shi daidai ba. Da farko ni nake sa mata magana a baki. Yanzu takan faɗi abin da ban shirya ba, in yi ta dariya ni kaɗai. Na san ba aljana ba ce, na san ba mutum ba ce. Ni na yi ta, a cikin kaina take. Amma ita ta sa na koma cin abinci.

Kuma a gabanta kaɗai nake faɗin sunan Hasiya da bakina. Tun da na haife ta ban kira ta ba, ban goya ta a gaban mutane ba, kakarta aka ba da aka yaye ta. Haka aka yi mini, haka na yi. Ana dai ba ruwanta da wannan, daga bayan katanga take kwaɗo mini "Maman Hasiya", in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Asabar, 8 ga Afrilu

Kasuwa tun safe. Na samo babbar tukunyar wanka, mutum biyu suka ɗora ta a kura. Gero, kanwa, citta, kanumfari, masoro, da yadi mai laushi na ɗinkin 'yan riguna. Ban taɓa jin ƙafata da sauƙi haka ba tun rasuwar.

Sai dai na yi wauta. Wurin mai yaji, kanwa iri biyu a gabana, murna ta ɗebe ni na juya gefe na ce, "Ladi, ja ko fara?" Har na amsa mata da dariya. Da na ɗago, mai yajin ta saki baki tana duban inda na duba. Na ce da kaina nake. A kan faifai ta ajiye mini ƙullin, ba ta miƙo a hannuna ba.

Talata, 11 ga Afrilu

Dantong mai kura ya kawo itace, na jera shi a rumfa har ya fi ni tsawo. Na yi ta zagaya shi kamar wata yarinya.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Hajiya Safara'u, uwar Lukuman, ta zo da kanta bayan la'asar. Ashe mai yajin 'yar ƙanwarta ce. Na shimfiɗa tabarma, na dama fura, ba ta taɓa ba. Ta tambaye ni wace ce Ladi. Ni kuma ban iya kwana-kwana ba, na gaya mata komai, har da ɗankwalin. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ja tabarmarta nesa da turmi.

Ta ce, "Me take nema?"

Ban gane ba. Ta ce gwaggonta 'yar bori ce, ta tashi tana gani da idonta: wannan farin zane yake so, wancan jan zakara, wata sukari. Kowanne da abinsa. Na ce Ladi ba ta taɓa neman ko ƙwayar gyaɗa ba.

Ta ce, "Tabawa, ba mai zama a gidan mutum tsawon wannan lokaci bai nemi komai ba. In har yanzu ba ta faɗa ba, jinjirin take jira."

Ba za a kawo yarinyar ba. Sai an kori Ladi, na kuma rantse ta tafi.

Asabar, 15 ga Afrilu

Ruwan sama ya cika tukunyar. Ban zubar ba.

Talata, 18 ga Afrilu

Hajiya ta aiko wata mata da rubutu da garin hayaƙi. Rubutun na shanye da bismilla, ayar Allah ce. Hayaƙin kuwa, matar ta lulluɓe ni da bargo a kan kasko, na yi tari har hawaye. Ina ciki Ladi ta ce in an gama gasa mu a yayyafa mana yaji. Dariya ta ƙwace mini a cikin bargon. Matar ta kwashi takalmanta a hannu. Na san abin da za ta je ta faɗa.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Labari ya gama Anguwan Rukuba. Masu sayen ƙosaina na safe sun kasu uku. Wasu sun koma wurin wata. Wasu suna zuwa su saya su yi ta leƙen turmi. Na ukun su suka fi ba ni tsoro: ɗazu wata ta zo da goro a ƙulle wai a tambayar mata Ladi wa ya sace akuyarta. Na mayar mata da goronta, na ce Ladi ba ta san abin da ni ban sani ba. Ta fita tana cewa rowa nake yi.

Ana ta leƙo da yamma da kabeji biyu. Ta ce, "Maman Hasiya, ki ce ta tafi mana. Wa zai buɗe kanki ya duba?" Ta ce uwarta a ƙauye kullum tana faɗa da marigayi babansu a gonar acca, ba wanda ya taɓa yi mata hayaƙi, sai dai a ce gaishe shi. Na yi dariya. Amma rantsuwa fa aka ce. Kuma in na rantse ta tafi alhali ga ta a kan turmi, da wane ido zan dube ta?

Ina ta ɗinkin rigunan dai. Na gama ta uku, ƙarama kamar tafin hannuna.

Talata, 25 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

Da hantsi ina sheƙar gero ina ba Ladi labarin shekarar da ƙyanda ta kama Hasiya a gidan kakarta. Yadda na je na tsaya a bayan danga tun azahar har rana ta faɗi, ina jin kukanta, kunya ta hana ni shiga, na koma gida na ce wa Malam kasuwa na tsaya. Na ce, "Ladi, ko da na haifi goma, babu kamar Hasiya." Da ƙarfi na faɗa, ai ni kaɗai ce.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. Daga awon ciki Hasiya ta biyo ba da sanin kowa ba, tana tsaye a zaure da cikinta, hawaye har haɓa.

Ta ce, "Inna, ashe kin zo ranar?"

Na tashi wai zan kawo mata ruwa, na shige madafa na tsaya ina kallon tulu. Ta biyo ni. Ta ce ita duk tashinta ta ɗauka ba na ƙaunarta sosai ne, ta san al'ada ce amma duk da haka. Ta ce ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba sai yau. Ban iya duban ta ba. Can ta share ido ta tambaye ni, cikin wasa-wasa, me Ladi ke cewa in na ba ta irin wannan labari. Na ce kullum abu ɗaya take cewa, wai ta gaji da ji, in je in gaya wa mai labarin.

Sai ta ce, "To ai ga abin da take nema, Inna."

Ta ci ƙosai har huɗu, ta ga rigunan, ta ɗora ɗaya a kan cikin muka yi ta dariya. Ni da ita! Na raka ta har bakin titi. Ban taɓa yi ba.

Lahadi, 30 ga Afrilu

Sun zo! Lukuman ya sauke su a mota da kaya, ya gaishe ni daga zaure ya gudu. Hajiya ce a gaba. Ta ce yarinyar ta ishe su da kuka, ta kuma gaya musu abin da ta ji. Ta ce ita dai a saninta iska raba mutum take yi da nasa, ba ta taɓa jin wadda ke tura uwa wurin 'yarta ba. Amma ba ta gama yarda ba, don haka ita ma nan za ta zauna ta sa ido. Ta rataya laya a ƙofar ɗaki, sannan ta je ta zauna daram a kan turmin, wai ta ga mai tashinta.

Ladi ta ce wannan baƙuwa akwai nauyi. Na ciji leɓe. Hasiya ta lura, ta sunkuyar da kai kafaɗunta na rawa.

Laraba, 10 ga Mayu

Gida ya cika. Mu uku muna ta gardama a kan yawan kanwar da za a sa a kunu. Hajiya tana da faɗa amma ta iya miyar kuka, Allah ya sani. Jiya ta kama ni ina murmushi wajen murhu, ta ce, "Me kuma ta ce a kaina?" Na ce cewa ta yi gishirinki ya yi daidai. Ta ce to tana da hankali.

Laraba, 24 ga Mayu

Namiji! Bayan azahar, ungozoma ba ta ma daɗe ba. Lafiya lau su biyun. Gashi baƙi ƙirin, kunnuwan Malam sak. Na yi angon da ya fi na kowa a Jos. Hajiya ta ce nata ne, na ce a gidana ya sauka. Ana ta rangaɗa guɗa irin tasu har karnukan unguwa suka amsa.

Na hura wuta a ƙarƙashin tukunyar. Ba zan iya rubutu ba yau.

Laraba, 31 ga Mayu

Suna. An mayar da sunan Malam, za mu riƙa kiransa Abba. Da aka shigo aka faɗa, na shiga bayan rumfar itace na yi kukana, na fito na ci gaba da rabon tuwo.

Mata sun cika tsakar gida. Wasu sun riƙe 'ya'yansu gam, ba su bar su sun je wajen turmi ba, na gani na ci gaba da hidimata. Hassana mai kitso ta ce da ƙarfi a zuba wa Ladi nata kwanon. Kafin in buɗe baki Hajiya ta ce, "Ladi ba ta ci. Duk cikinku ita ce baƙuwar da ba ta wahalar da mu ba." Aka kwashe da dariya, maganar ta wuce.

Da za a watse, wata tsohuwa 'yar unguwarmu da ake kira Jika ta kama hannuna a zaure ta yi ƙasa da murya. Ta ce tun da ɗanta ya tafi yaƙi bai dawo ba, ita ma akwai wanda take hira da shi in tana kaɗi. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta tambaye ni ko laifi ne. Na ce ta zo ranar Juma'a mu sha fura, mu huɗu.

Alhamis, 15 ga Yuni

Wanka safe da yamma, hannuna duk ya yi kanta da ganyen runhu, itacen ya ragu sosai. Hajiya ta koma gidanta shekaranjiya, ta manta layarta ko ta bar mana, oho.

Yau ina fyaɗa wa Hasiya ruwan zafi tana ihu tana cewa zan dafa ta, sai na tsinci kaina ina ba ta labarin ranar da aka haife ta. Yadda Malam ya kasa shigowa, ya je ya sayo 'yar ƙaramar hula ta maza don bai san mace ba ce, ya ɓoye ta a aljihu har ta yi datti. Ta yi dariya har ta manta da zafin. Tana ɗaura zane ta ce, "Ladi ta san wannan?"

Na tsaya da ganye a hannu. Na ce a'a, ke na fara gaya wa.

Ba wani abu ba ne. Aiki ne ya yi yawa, mutum bai samun zama. Tana nan, ɗazu ma na ga kamar tana gyara ɗankwalin nan nata, ba ta dai ce komai ba. Gobe in na samu sarari zan ba ta labarin hular.

Abba ya tashi.