Muryar Auta a Rediyon Baba

Zuwa ga ƙanwata Injiniya,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Ki nemi kujera kafin ki ci gaba da karatu, domin labarin da zan ba ki ba a jin sa a tsaye: an ci rediyon Baba da yaƙi.

Kin san tun da idonsa ya yi rauni, abin da ya rage masa shi ne zaman hantsi a falo, ina kama masa tashoshin nesa a gajeren zango, yana sauraron labarin duniya yana gyara wa shugabanninta kurakurai. To, gidan rediyon da ƙanenmu Auta yake aiki ya kafa sabuwar hasumiyar ƙarfe a bayan layinmu, kusa har ina ganin tsuntsayen da ke kanta daga tagar kicin. Tun da suka kunna ta, duk inda na murɗa sai Auta. Jiya ana tsaka da sharhi kan taron ƙolin ƙasashe, sai ga ɗan'uwanki ya faɗo ciki yana cigiyar jakar da wata mata ta manta a motar haya, daga nan ya zarce tallar katifa. Na karanta tarihin faɗuwar dauloli da yawa, ban taɓa cin karo da wadda katifa ta kayar ba.

Ba sai na tuna miki ba, ranar da Auta ya ajiye karatun likita ya kama wannan sana'a ta surutu, Baba ya rantse ba zai taɓa kama tasharsa ba, kuma tun daga nan magana ba ta sake haɗa su ba. Yanzu ga shi wanda aka rufe wa ƙofa ya shigo ta waya. Wannan cin fuska ne ga dattijo.

Na ƙara tsawon wayar eriya har zuwa tankin ruwan maƙwabci don tashoshin nesa su ƙara ƙarfi, abin ya ƙara lalacewa. Tunda an ce irin wannan kika je jami'a koyo, yau ga ranarki.

Ki gaishe da maigidan, in ya ɗago kai daga wayarsa.

Yayanki

*

Yaya,

Na sami wasiƙarka, kowa lafiya. Maigidan ya ɗago, yana amsawa.

Don Allah ka je ka kwance wayar nan daga tankin mutane kafin a ji cewa yayana ne ya ɗaura ta. Doguwar waya ba ta da zaɓe, duk abin da ke iska kwasowa take, kuma na kusa shi ke cika ta. Rediyon Baba yana ƙoƙarin jin raɗa daga ƙarshen duniya, wani yana yi masa ihu a kunne, kai kuma ka tashi ka ƙara masa faɗin kunne.

Na ba direban ofishinmu wani ɗan akwati ya kawo maka. Mataci ne. Wayar eriya ta shiga ta bayansa, wata gajera ta fita zuwa rediyo. Ka kama tashar da kake so, sannan ka murɗa maɓallin akwatin a hankali har muryar ta fito sosai. Zangon da ka saita kaɗai zai bari ya wuce, sauran ya tare su a waje, har da Auta.

Amma kafin ka haɗa, amsa mini wannan: Baba ne ya yi ƙorafi ko kai ne? Na duba wasiƙarka ban ga inda ya ce uffan ba. Mutumin da in shayinsa ya huce sai maƙwabta sun ji, a ce kullum ana cin fuskarsa ya yi shiru? Shekaru ke nan bai ji muryar ɗansa ba sai yanzu, kuma ka san shi, ba zai taɓa nema da bakinsa ba. Ka yi tunani kafin ka toshe ƴar hanyar da ta buɗe da kanta.

Ka gaishe min da Baba da Maman yara.

Ƙanwarka

*

Injiniya,

Gaisuwa da fatan alheri. Akwatinki ya iso, kuma dole in yaba: duk da muninsa yana aiki. Na rage waya, na haɗa, na murɗa yadda kika ce, sai falo ya yi tsit, sai muryar nesa tana fitowa tas kamar mai karanta labaran yana zaune a kujerar Maman yara. Auta da katifarsa sun koma inda suka fito.

Sashen wasiƙarki na biyu kuwa, ban san yaushe aka ƙara miki digirin karanta zukata ba. Ki tsaya kan wayoyinki. Baba mutum ne mai magana ɗaya, kuma mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana bin siyasar duniya ba zai yi kewar wanda aikinsa karanta gaisuwar masu shagon taya ne ba. Da na nuna masa aikin akwatin, cewa ya yi, "To." Ni a wurina wannan godiya ce.

Gaskiya ne kwanakin nan ba ya kai ƙarshen labarai, yakan tashi ya koma ɗaki, ya kuma daina yi wa shugabannin duniya gyara. Laifin labaran ne, sun yi lami. Maman yara ta ce ya tambaye ta ko matar nan ta sami jakarta. Kin ga irin ɓarnar da tashar ta yi wa ƙwaƙwalwar dattijo kafin in ceto shi.

Ki huta lafiya.

Yayanki

*

Yaya,

Muna lafiya. Ka cika ɗaki da littattafai har silin, ka kasa karanta tsoho ɗaya da ke zaune a gabanka.

Auta ya kira ni jiya yana tambaya ko Baba yana cin abinci. Bai san ana jin sa a falon ba, ni ma ban faɗa masa cewa yayansa ya sa masa maigadi ba. Baba ba ya cin abinci yadda ya kamata, Maman yara ta gaya mini abin da kai ka tsallake. In ba ka cire akwatin ba, zan turo direba ya ɗauko mini kayana.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Gaisuwa. Ba sai kin wahalar da direba ba.

Yau da hantsi na dawo daga kantin magani na tarar da Baba a sunkuye a bayan tebur. Ya lalubo wayar eriya ya zare ta daga akwatinki, ya manna ta a jikin rediyo, yana riƙe da ita da yatsu biyu. Auta yana ta zuba. Da ya ji motsina bai juyo ba, sai ya ce, "Kai, wannan akwatin naku cin batir gare shi."

Ke kin san babu batir a cikinsa. Na ce, "Gaskiya ne, Baba, yana ci." Na karɓi wayar na ɗaure masa ita a jikin rediyo, na ja masa kujera kusa. Ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ji shi, har yanzu sauri yake kamar ana korarsa." Ya nemi a kawo masa abincinsa nan falo.

Ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure. Kada ki saba da jin haka.

Yayanki